Shekarar da Inna ta koma Karmo

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen danginmu na Malumfashi, na kuma san ya iso kunnuwanku tun kuna ƙanana, ko da yake ba wanda ya taɓa tarata da shi a cikinku. Ana cewa Sani ya zama darakta a Abuja, ya sami gida mai bene da mota da direba, sai ya ɗauki uwar da ta haife shi ya kai ta Karmo ya ajiye cikin kwata da sauro har ta mutu a can. Wasu sukan ƙara da cewa mahaifiyarku Binta ce ta zuga ni. Na ji wannan magana daga bakin manya, na ji ta daga bakin yaran da ko cikinsu ba a ɗauka ba lokacin da abin ya faru. Shekara da shekaru ina haɗiye ta, don ba na son ja-in-ja da ɗan'uwana a bainar jama'a. Yanzu ƙarfi ya tafi, ido ya fara gajiya, bari in gaya muku yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

Lokacin sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, kuɗin mai na shigowa, Abuja kuwa duk inda ka juya gini ake yi. Wayar salula ta shigo, kowa na tafe yana magana shi kaɗai a titi. A cikin wannan yanayi aka ƙara mini girma a ma'aikata, aka ba ni gida a rukunin gidajen manyan ma'aikata, irin masu doguwar katanga da waya mai ƙaya a kai da maigadi a bakin get. Ba a daɗe ba mahaifinmu ya rasu. Da Inna ta fita takaba sai muka zauna da Yaya Lawal, babban wanmu, wanda ke da shagon yadi a gida, muka yanke cewa ta dawo wurina. Tana da hawan jini, ni kuma asibiti na kusa da ni. Shi da kansa ya rako ta har Abuja, ya zagaya gidan, ya taɓa bango, ya ce alhamdu lillahi, yau tsohuwa za ta huta.

Kun san abin da na karanta a jami'a, ilimin zamantakewar al'umma. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai daina yi mini tsiya a kai ba. Yakan ce 'ya'yan wasu sun tafi sun dawo likitoci, shi nasa ya tafi koyon zama da mutane, abin da ko akuyar gidanmu ta iya. Ni dai na so karatun, har gobe ina son sa. A can aka nuna mana cewa masana kansu sun rabu a kan mece ce al'umma. Wasu suka ce kamar jikin mutum take, kowace gaɓa da aikinta, in ɗaya ta tsaya sauran su ji. Wasu suka ce wannan zancen masu ƙoshi ne, al'umma fagen kokawa ce tsakanin waɗanda suka mallaka da waɗanda ke yi musu aiki, lafiyar da ake gani kuwa ta wanda aka danne ce bai sami tashi ba. Akwai kuma waɗanda suka ce a bar wannan dogon zance a duba ƙanana: gaisuwa, kallo, shiru, da abin da mutum ke fahimta in ɗan'uwansa ya miƙa masa hannu ko ya janye, don a nan ake ƙulla zaman tare, a nan kuma ake kwance shi. Muna samari mun sha musu a kan waɗannan, ni ina ɓangaren 'yan kokawa, don duk mai jini a jika can yake. Da wannan karatu na shiga aikin gwamnati, a sashen tsara walwalar jama'a, na yi ta rubuta rahoto a kan yadda birni ke canza iyali.

Ku da kuka san Inna a matsayin kakar da ke ɓoye muku alewa a gefen zane, ba ku san ko wace ce ita a unguwarmu ba. In mace ta rasu, kafin a aika wa liman an aiko wa Inna. Ita ke wankan gawar mata. Ta gaji aikin daga gwaggonta, tana da wata jakar fata da ba ma taɓawa, da busasshen ganyen magarya a ciki, da kafur, da farin ƙyalle, da allura da zare. Ba aikin kuɗi ba ne, kuma tun da nake ban taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin kowa ba, ko da wasa. Saboda wannan riƙon amana mata suka mayar da ita rumbun sirrinsu. Mai ciki ta zo, wadda ta yi yaji ta zo, wadda ɗanta ya gagare ta ta zo. Tsakar gidanmu ba ya rabuwa da takalman baƙi.

Wannan matar muka ɗauko muka ba ɗaki a ƙasan bene, mai banɗaki a ciki da na'urar sanyi da talabijin. Binta ta yi mata duk abin da 'ya ke yi wa uwa, wallahi ban taɓa ganin ta gaza ba. A makon farko Inna ta sa aka yi dambu mai yawa, aka zuba a kwanuka, ta ce a kai wa maƙwabta dama da hagu, don baƙo shi ke fara sallama. Kwanon hagu ya dawo a hannun maigadi, wankakke, ba komai a ciki, ba saƙo. Na dama ya dawo yadda aka kai shi, wai madam ta ce an gode, ba sa cin abincin waje. Kada ku zaci wasu baƙin ƙabilu ne. Dukansu namu ne, masallaci ɗaya muke zuwa ranar Juma'a, kowa a motarsa.

"Sani, mun yi musu wani abu ne?" in ji Inna.

"Ba mu yi musu komai ba, Inna. Zaman birni ne, kowa tasa ta fishe shi."

"To," ta ce. "Allah ya kyauta."

Bayan 'yan watanni matar gidan daman nan ta rasu. Ba wanda ya gaya mana, motoci muka gani sun cika layi an kafa rumfa. Na sauko zan fita na tarar da Inna a falo, ta yi alwala, ta yafa mayafi, jakar fatar nan a kan cinyarta. Jira take a zo a kira ta.  Na zauna kusa da ita na ce an riga an yi komai a asibiti, akwai waɗanda aikinsu ke nan, daga can ma za a wuce masallaci. Ta tambaye ni ko masu wankan sun san marigayiyar. Na ce ba na jin sun san ta. Ta daɗe tana kallon jakar, sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta tura ta ƙarƙashin gado.

Daga nan ta fara ƙanƙancewa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Likita ya duba ya ce ba sabon abu, a ci gaba da magani. Ta kan zauna a bakin taga, tagar kuwa katanga take kallo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ta fara tambayar yara wace rana ce yau, matar da a gida ta san ranar sunan kowane jariri a unguwa tun kafin a yanka rago. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga uwata tana tafiya a gabana, ga abinci ga magani, ban san abin da zan riƙe ba.

Wata Asabar da hantsi maigadi ya shigo ya ce ga wani mutum a get ya ƙi tafiya, wai shi ɗan garinmu ne. Na fita na ga Malam Iro ne, mai sayar da hatsi a kasuwar Karmo, wanda gidansu ke bayan namu a Malumfashi. Inna ce ta yi wa mahaifiyarsa sutura. Muka gaisa a tsaye, ya ƙi shiga, yana ta murza hularsa.

"Ranka ya daɗe, rasuwa aka yi a layinmu. Matar wani lebura ce, mutumin wajen Daura, wurin haihuwa. Tun safe gawa na kwance, an rasa mai wanka."

"Duk Karmo a rasa mace ɗaya?"

"Mata kam ga su nan birjik, amma duk yara ne, tsoro suke ji, ba su taɓa gani ba. Garin ba tsofaffi, ranka ya daɗe. Kowa ya baro uwarsa a gida ya zo neman abinci."

Na buɗe baki zan ce Inna ba ta da lafiya, sai na ji motsi a bayana. Ta riga ta fito da mayafi da jaka, ashe ta ji muryarsa ta taga. Ban kira direba ba, ni na ja motar. Ban taɓa shiga Karmo ba sai ran nan, ni da na rubuta sunanta a rahoto ban san iyaka ba. Kwalta ta ƙare, muka bar motar a bakin hanya muka shiga lungu a ƙasa. Gidajen laka da na langa-langa sun haɗe kai, kwata na bin tsakiya, ga rediyo ga janareta ga masu kiran ciniki, Hausa iri-iri a bakin Gwari da Tibi da Ibo da Igala. Nan birkilolin da ke gina Abuja suke kwana, da masu share ta, da masu gadinta. Aka ba ni benci a ƙofar gida, Inna ta shiga, ta zaɓi biyu daga cikin matan ta ce su biyo ta, yau za su koya. Da aka fito da makara mijin ya durƙusa a gabanta yana kuka. A hanyar dawowa ta sa na tsaya na saya mata gasasshiyar masara, ta cinye tas, tana ta ba ni labarin wacce 'yar wane gari ce, wacce ke da tsohon ciki, wacce mijinta ya faɗo daga bene.

Shi ke nan hanya ta buɗe. Yau rasuwa, gobe haihuwa, jibi miji da mata sun saɓa. Sai a kira wayar Binta a ce a gaya wa Inna. Binta ce ta fara lura, wata rana tana zuba mini shayi ta ce, "Abban Amina, ka ga Inna ta daina tambayar rana?" Na lura kuwa. Ta yi ƙiba, muryarta ta dawo, har faɗa ta koma yi mini in na shigo ban cire takalmi ba. Amma duk ranar da ba a aiko ba, sai ta koma bakin taga.

Ana cikin haka wata rana bayan azahar ta kira ni ɗakinta, ta ce in rufe ƙofa.

"Sani, alfarma nake nema."

"Faɗi, Inna."

"Akwai ɗakin da ba kowa a gidan Iro. Ka mayar da ni can."

"Wani ya ɓata miki rai a gidan nan?"

"Ko kusa. Matarka 'yar albarka ce, ko ni na haife ta iyakar abin da za ta yi ke nan. Amma a nan jira nake yi. In ci, in sha, in yi salla, in jira. Ni kuwa ban gama ba."

"To in kin gaji da nan, in mayar da ke Malumfashi."

"Can na bar waɗanda na koya wa, ba za a rasa mai yi ba. Kuma in na koma can, sai yaushe zan gan ka da yaran nan? Karmo ba kowa."

"Inna, mutane za su ce na yar da ke."

"Za su ce," in ji ta. "Na san nauyi na ɗora maka. Ban da wanda zan ɗora wa sai kai."

Na fita daga ɗakin raina a jagule, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da fushi. Na yi ta juya maganar kwana da kwanaki. Saurayin da ke cikina, ɗan ɓangaren kokawa, ya ce Karmo ba abin sha'awa ba ce, wurin da birni ke zubar da waɗanda ya gama tatsa ne, yana son hannuwansu ba ya son ganin fuskarsu, ba ruwan famfo, ba asibiti, ba hanya. Duk wanda ya ce talauci na da daɗi don ana gaisawa a cikinsa, bai kwana a ciki ba. Wannan gaskiya ce, har yau ban janye ta ba. Amma kuma ga abin da ido ya gani. Waɗancan masu cewa al'umma jiki ce, da na raina su a makaranta, su suka bayyana mini ciwon uwata fiye da likita. An cire gaɓa daga jikinta an ajiye a wuri mai tsabta, kuma tsabtar ba ta hana ta bushewa ba. Mutum ba cikinsa kaɗai yake ciyarwa ba. Yana da matsayi a cikin mutane, yana da aikin da ake sa ran zai yi, kuma in aka wayi gari ba mai sa ran komai daga gare shi, to, an gama da shi ko da yana numfashi. Sannan na tambayi kaina mece ce biyayya ga uwa: in tsare ta inda sunana zai yi kyau, ko in yi mata abin da ta roƙa da hankalinta cikakke? Binta ta yi kuka sosai da na gaya mata. Ta ce ita za a zaga, za a ce ta kori uwar miji. Na ce na sani. Ta share hawaye ta ce to a bari ita ta je ta gyara ɗakin da hannunta.

Kafin a kwashe kaya na kira Yaya Lawal na gaya masa, don ba zan yi abu irin wannan a bayansa ba. Washegari ya hau mota ya zo. Ya sa na kai shi Karmo, ya tsaya a ƙofar gidan Malam Iro ya dubi kwata, ya dubi rufin, muka dawo. A falo ya fashe.

"Uwarmu ce za ka kai wancan wuri? Kai da bene?"

"Yaya, ita ta nema."

"Ita ta nema, ko kai da matarka kuka gaji? Ko kuwa bokon naka ne za ka gwada a kanta? Uwa ce, Sani, ba darasi ba ce."

"Ga ta nan a ɗaki. Tashi mu je ka ji daga bakinta."

A nan ne abin ya lalace, kuma sai kun san al'adar mutanenmu na da za ku gane. Yaya Lawal ɗan fari ne. Matan zamanin Inna suna kunyar ɗan fari, ba sa kiran sunansa, ba sa zama su yi hira da shi, ba sa nuna masa so a fili ko da son na cin su. Kakarmu ce ta raine shi tun daga yaye. In Inna za ta ambace shi sai ta ce "yayanku" ko "mai shago". In ya shigo gaishe ta takan kau da kai ta amsa a taƙaice, duk abin da take son ya sani sai ta bi ta bakin wani. Ba ƙiyayya ba ce, mu duka mun san ta fi jin sa a rai fiye da kowa. To wannan matar ce muka shiga muka tsaya a kanta mu biyu. Ya durƙusa ya ce, Inna, ke kika ce a kai ki Karmo? Ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango.

"Duk yadda kuka yi daidai ne," in ji ta.

Ni na ji uwa mai kunyar ɗanta na fari. Shi ya ji tsohuwar da aka fi ƙarfi ta sallama. Magana ɗaya, a ɗaki ɗaya, kowa ya fita da tasa fassarar. Na roƙe ta bayan ya fita, na ce Inna ki taimake ni ki faɗa masa a fili. Ta ce ita ba ta taɓa ba, ba za ta fara da furfura ba, ai yana da hankali zai gane. Bai gane ba. Ya ce in bar shi ya tafi da ita gida, ta aiko Binta ta ce masa ba yanzu ba, ya ɗauka wannan ma mu muka kitsa. Ya tafi tasha ko ruwan gidana bai sha ba.

Na kai ta. Na sa aka yi wa ɗakin siminti da sabon rufi da gidan sauro, Binta ta jera mata kaya. Kullum in na tashi daga ofis sai na biya, Asabar kuma in kwashe ku mu wuni, ku manyan kuna iya tunawa. Abin da na gani a wannan shekara ba wanda ya ba ni labari. Ƙofar ɗakinta ta koma irin tsakar gidanmu na da. Akwai Mama Ladi, wata Bagwariya Kirista mai sayar da tukwanen Ushafa, ɗakinta na kallon na Inna. Ita ke fara leƙa ta da safe, ita ke tuna mata magani. Takan ce mini, "Oga, Inna ya ci abinci, ya sha magani, kar ka damu." Kwano na fita daga ɗakin Inna da tuwo ya dawo da doya. Matan da ta koya wa wanka suka ƙware har ta koma zama a gefe tana gyara musu. Ta yi dariya a shekarar nan fiye da duk wadda na ji ta yi tun rasuwar mahaifinmu.

Ni kuwa na sha abin da ta ce zan sha. Magana ta isa ofis. Wani abokin aikina ya ja ni gefe bayan salla ya ce, "Oga, in matsalar wuri ce ka faɗa, akwai bikiyu, ɗakin bayan gida, a gidana ba kowa." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na je biki Malumfashi, tsofaffin da suka goya ni suka amsa gaisuwata da baki ɗaya ba su ɗago ba. Binta ta daina zuwa taron dangi. Ban yi wa kowa bayani ba, don na san duk wanda ya riga ya karanta abu a fuskarka, bakinka ba ya goge shi.

Cikin damina ta biyu, ran wata Laraba, aka wuni ana ruwa. Bayan la'asar ina ofis waya ta yi ƙara, Mama Ladi ce.

"Oga, ka zo yanzu. Inna ya faɗi, hannu ɗaya ba ya motsi."

Na fito a guje. Ruwa ya cinye hanyar shiga Karmo, motoci sun cushe, na bar tawa nesa da inda na saba na shiga da ƙafa, taɓo har gwiwa. Na tarar da ita a kan tabarma, mata sun kewaye ta, bakinta ya karkace amma idonta biyu, ta gane ni. Ba abin hawan da zai shiga lungun. Malam Iro ya ce a nemo baro, na ce ba za a sa uwata a baro ba. Na tuɓe babbar riga na durƙusa aka ɗora mini ita a baya, Mama Ladi ta ɗaure mu da zanenta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Muna tafe ina zamewa, Malam Iro na riƙe da kafaɗata, mutane na buɗe hanya. Mun kusa fita lungun sai na ji bakinta a kunnena, maganar na fita da ƙyar.

"Sani."

"Na'am, Inna. Mun kusa."

"Ka gaya wa Lawal ni na zaɓa. Ka ce masa na ji daɗi."

 Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ruwa na dukan langa-langa, Malam Iro bai ji ba, ba wanda ya ji sai ni. Ba ta ƙara magana ba sai kalmar shahada da na riƙa maimaita mata a mota. Mun isa asibiti da ranta, amma ba ta kai magariba ba. Likitan ya ce da an kawo ta da wuri da wataƙila an yi wani abu. Ban yi masa musu ba, ba zan kuma yi muku ba. Da tana ɗakinta na ƙasan bene, asibiti na nan kusa, mai yiwuwa da ta ƙara shekaru. Na san wannan tun ranar da na ɗauki kayanta, ita ma ta sani. Na yi kukan uwata kamar yaro, har yau in aka yi ruwan la'asar ba na son kowa ya yi mini magana.

Yaya Lawal ya iso washegari da safe, aka jira shi aka yi jana'iza. Bayan an rufe ta mutane sun fara watsewa, na bi shi har gindin wata bishiya a bakin maƙabarta, na ce Yaya, akwai saƙo. Ya tsaya bai dube ni ba. Na faɗa masa kalma da kalma yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na ga kafaɗarsa ta motsa, na zaci kuka zai yi in rungume shi. Sai ya juyo, idonsa jawur.

"Cewa ta yi Lawal?"

"Haka ta ce, Yaya."

"Matar da ta haife ni, ta yi furfura ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko ƙarya za ka yi mata, Sani, ka yi wadda ta yi kama da ita."

Ya sa takalmansa ya tafi. Ya yi nasa zaman makokin a Malumfashi, na yi nawa a Karmo. Daga ranar, in na yi masa sallama yakan amsa don wajibi ce, ba ya ƙara ko harafi. Na je da kaina, na aika manya, na je da ku kuna yara ko zai dube ku ya sauko, ya ba ku kuɗin alewa ya shige shago. Da ciwon ajali ya kama shi na zauna a bakin gadonsa na sake faɗa masa, ya rufe ido ya juya wajen bango. Ban riƙe shi da komai ba, kuma ban yarda ɗayanku ya riƙe shi ba. Duk ransa yana jiran ya ji sunansa a bakin uwarsa, da ta faɗa kuwa, a kunnena ta faɗa.

Ba ni da shaida. Wadda ta yi maganar tana ƙasa, wanda aka yi dominsa ya bi ta bai yarda ba. Saura ku. Na gaya muku abin da na ji a bayana a cikin ruwan nan, kuma da shi zan tsaya gaban Allah.